Me Ya Sa Rafin Bayan Gidanmu Ke Cika Da Hunturu Har Titi Ya Yanke?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni 'yar Kano ce, ina aikin jinya a Ingila. Bara muka kama hayar gida a wani ƙauye a gundumar Somerset, ni da maigidana da yara biyu, saboda haya ta fi sauƙi a can. Lokacin zafi wurin gwanin sha'awa, akwai wani ɗan rafi a bayan gidan da ko idon sawu ba ya rufewa. Amma tun da hunturu ya shigo rafin nan ya cika ya batse, ya cinye rabin lambun, kuma sau biyu ke nan ruwa yana kwanciya a kan titin da nake bi zuwa aiki. Abin da ya ɗaure min kai, ba wani ruwan kirki ake yi ba, yayyafi ne kawai na kwana da kwanaki. A gida sai an tafka ruwa a watan Agusta ake maganar ambaliya. Maigidana ya ce in riƙa bi a hankali tunda maƙwabta ma suna wucewa da motocinsu. Mamallakin gidan kuma ya ce ruwa bai taɓa shiga ciki ba. Don Allah me ke kawo wannan, wa ke da alhakin gyara rafin, kuma mu tashi ne ko mu zauna?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da ladan jinya. Abu uku kika tambaya: dalilin da yayyafi ke cika rafi a nan, wanda gyaran ya rataya a wuyansa, sai kuma shawarar tashi ko zama. Aikina ke nan, magudanan ruwa da kwalbatoci da hanyoyin karkara a kudu maso yammacin Ingila, don haka zan faɗa miki abin da na sani. Sai dai ban ga gidan da idona ba, ban auna tsayin daɓensa a kan bakin rafin ba, kuma a harkar ruwa taƙi ɗaya na tudu yana raba gidan da ya tsira da wanda ya nutse. Ki ɗauki maganata a matsayin abin da zai taimaka miki ki karanta wurin da kanki. Kuma tun yanzu in gaya miki, a duk abin da kika lissafa, titin nan ya fi tayar min da hankali a kan lambun.

Ba ruwan yau ne ke cika rafin ba

Mamakin da kika yi daidai ne. Idan aka auna ruwan shekara guda, Kano ta fi Landan samun ruwan sama. Bambancin yana wajen yadda yake sauka da kuma abin da yake tararwa a ƙasa. A gida ruwan shekara kaf yana zuba ne cikin wata huɗu zuwa biyar, da ƙarfi, a kan ƙasar da ta sha rana. Ana ɗaukewa rana ta fito, gero da dawa suna zuƙa, zafi yana busarwa, kafin kwana biyu ƙura ta fara tashi a wasu wuraren. Ambaliyar gida ta ƙarfin zuba ce: ruwan ya fi abin da ƙasa da kwata za su iya haɗiyewa cikin awa guda.

A nan lissafin daban ne. Daga watan Oktoba rana ta fara gajarta, a Disamba da ƙyar take kai awa takwas a sama, ita ma a karkace, ba zafi. Bishiyoyi sun zubar da ganye sun daina shan ruwa, ciyawa ta daina girma. Wato duk hanyoyin da ƙasa take rage ruwan cikinta da su sun kusan tsayawa cak. Ruwan da aka yi a Oktoba yana nan, na Nuwamba ya hau kansa, na Disamba ya zo ya tarar da su. Lokacin zafi ƙasar gona tana iya shanye ruwa mai yawa kafin ɗigo ɗaya ya gangara rafi, amma da tsakiyar hunturu ta zama kamar tulun da ya cika fal, ko cokali guda aka ƙara sai ya zubo. Shi ya sa milimita goma na yayyafi a watan Janairu yake yin ɓarnar da milimita talatin ba su yi ba a watan Yuli. Mu a wajen aiki ba hasashen ruwan gobe muke fara dubawa ba, jiƙewar ƙasa muke fara dubawa.

Ki ƙara da cewa iskar da ke kawo hadari daga tekun Atlantika ta fi ƙarfi da hunturu, guguwa tana bin guguwa, wani lokaci kwana biyu ko uku ne tsakaninsu. Tun 2015 hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya da ta Ayaland suka fara raɗa wa manyan guguwa suna, shi ya sa kike jin ana ambaton su a labarai kamar mutane. Rafi bai gama sauke ruwan ta farko ba ta biyu ta iso. Kuma iska mai ɗumi ta fi riƙe danshi, kusan kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, don haka hunturun ƙasar nan yana ƙara jiƙa. Watanni goma sha takwas daga Oktoban 2022 zuwa Maris na 2024 su ne mafi ruwa da aka taɓa aunawa a Ingila tun da aka fara rubutawa a 1836.

Sai kuma Somerset ɗin kanta. Tsakiyar gundumar fadama ce shimfiɗaɗɗiya, wadda mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna tsane ta da lambatu da injinan zuƙar ruwa. Wurare da yawa a cikinta sun fi ƙasa da inda teku ke kaiwa idan ya cika. Kogin Parrett da Tone suna kwaso ruwan tsaunukan da ke kewaye su kawo shi wannan kwari, kuma mafitarsu ita ce mashigin Bristol, inda cikar teku da janyewarsa ke cikin mafi girma a duniya. Sau biyu a rana teku yana tasowa ya tokare bakin kogin, ruwan kogin ya rasa inda zai fita, ga laka da tekun ke turowa ciki tana cike gindin kogin. A hunturun 2013 zuwa 2014, wanda ya fi kowane hunturu ruwa a Ingila da Wales tun 1766, ambaliya ta shafi gidaje sama da 600 a wannan fadama, gonaki kimanin eka 17,000 suka nutse. Ƙauyen Muchelney ya zama tsibiri na kusan mako goma, sai da kwalekwale ake shiga, aka kwashe mutanen Moorland, babban titin A361 ya yi makonni a rufe, har daga Holan aka kawo manyan injinan zuƙar ruwa. Bayan nan aka yashe kilomita 8 na Parrett da Tone, aka ɗaga wani yanki na titin Muchelney da fiye da mita ɗaya, aka kafa hukumar kogunan Somerset a 2015. An samu sauƙi sosai, amma fadama tana nan a fadamarta. Wasu filayen ma da gangan ake barin su su cika da hunturu don a kare garuruwa.

Wane irin ruwa ne naku?

Wannan ita ce tambayar da nake fara yi idan an kira ni wani gida, domin maganin ya danganta da ita. Ki lura da abu biyu: launin ruwan, da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya zo da kafin ya tafi.

Idan rafin yana tasowa cikin 'yan awanni bayan an fara ruwa, ya yi ja da laka, yana gudu, sannan ya sauka kafin kwana ɗaya ko biyu, to ƙaramin rafi ne mai kwaso ruwan gonakin da ke sama da ku. Irin wannan ya fi saurin ba da mamaki, kuma sau da yawa ba ya cikin tsarin gargaɗin hukuma. A yankin nan ana noman masara sosai don abincin shanu, ana girbe ta a makare, manyan taraktoci su danne ƙasa tana jiƙe, a bar gonar tsirara duk hunturu. Ruwa ba ya shiga irin wannan ƙasa, gangarowa yake yi da laka ya fito ta ƙofar gona ya bi titi. Idan kin ga jan ruwa yana fitowa daga gona yana malala a kwalta, ba rafin ne ya kawo shi ba.

Idan kuwa ruwan yana zuwa a hankali, kwana ɗaya ko biyu bayan an ɗauke, ya kwanta shiru ya yi mako ko fiye, to babban kogi ne ya cika ya hana rafinku zubewa, ruwan yana komowa da baya. Wannan ba ya gudu amma yana daɗewa, kuma shi ne ke yanke ƙauye. Alherinsa ɗaya, ana iya ganin zuwansa tun da nisa. Akwai kuma ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, garau, mai sanyi, ta tsakiyar lambu ko ƙarƙashin daɓe, makonni bayan ruwan sama. An fi samun sa a inda ƙasa take da dutsen alli, kamar Dorset da Wiltshire da Hampshire, inda akwai rafukan da ba sa gudu sai da hunturu. Buhun yashi ba ya tare wannan.

Amma abin da na fi cin karo da shi a titunan ƙauye ya fi duk waɗannan sauƙi: toshewar kwalbati. Rafi yana ratsa ƙarƙashin titi ta bututu ko 'yar gada da aka gina tun zamanin keken doki. Da kaka ganye ya zubo, iska ta karyo rassa, duk su taru a bakin bututun. Na taɓa tsayawa a kan wani irin wannan da sassafe, ruwa ya rufe titi a gefen sama har gwiwa, a gefen ƙasa kuwa rafin yana tafiya siriri kamar ba abin da ya faru. Da ruwan ya sauka muka leƙa, sai ga wani guntun katakon shinge ya gindaya a bakin, buhun abincin dabbobi na leda ya manne a jikinsa, ganye ya liƙe sauran ƙofofin kamar an yi yaɓe. Abin da ya rufe hanyar ƙauye guda ke nan. Ki je ki duba naku daga kan titi, da rana, ba tare da kin sauka ba. Idan ruwan da ke gefen sama na titi ya fi na gefen ƙasa tsayi sosai, kwalbatin ya toshe ko ya yi ƙanƙanta. Idan gefe biyun sun yi daidai, matsalar tana can ƙasa, kogi ne ya tokare.

Kada ke ko maigidanki ku yi ƙoƙarin buɗe kwalbati ruwa yana cike. Lokacin da toshiyar ta saki, ruwan yana zuƙar duk abin da ke bakin, har mutum.

Maganar titi

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa a wannan ban goyi bayansa ba. Kowane hunturu motocin da 'yan kwana-kwana ke cirowa daga ruwa na mutanen da suka ce za su bi a hankali ne. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, taya ta daina taɓa kwalta, sitiyari da birki su zama ba su da amfani. Santimita 60 yana tafiya da yawancin motoci, har manyan. Dalili kuwa nauyi ne: ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi tan guda ne, kuma mota cike take da iska, shawagi take yi.

Ko da ruwan a kwance yake, injin mota ba ya jure shi. A ƙananan motoci da yawa bakin da inji ke shaƙar iska yana ƙasa-ƙasa, bayan bamba. Ruwa kaɗan ya shiga ta nan ya isa cikin inji, fistin ya zo matsawa ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sai ƙarfe ya lanƙwashe. Inji ya tashi aiki ke nan. Kamfanin inshora kuma yana iya ƙin biya idan ya gano direba ya ga ruwa ya shiga da gangan, balle a ce ya wuce alamar an rufe hanya.

Maƙwabtan da kike gani suna wucewa, ki duba me suke tuƙawa da kuma tun yaushe suke ƙauyen. Manomi a kan tarakta ko babbar mota mai tsayi, wanda ya san cewa idan ruwa ya taɓa katako na biyu a shingen wane to ba a shiga, ba ɗaya yake da ke ba. Sannan titunan fadamar nan da yawa an ɗora su ne a kan tudu siriri, da lambatu mai zurfi a kowane gefe. Idan ruwa ya shafe komai ba a gane inda kwalta ta ƙare. Taya ɗaya ta zame, motar ta kifa cikin lambatun da ya fi tsayin mutum, a ruwan da sanyinsa ke ɗauke numfashi. Ke kuma aikinki na jinya ne, kina fita da duhu kina dawowa da duhu, wani lokaci bayan kwanan aiki, ido ya yi nauyi. Fitilar mota ba ta nuna zurfi, sheƙi kawai take nunawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da nake so ki yi shi ne ki nemo hanya ta biyu tun yanzu, wadda take bin tudu, ko da za ta ƙara miki minti ashirin ko talatin. Ki bi ta da rana ki san ta. Kada ki dogara da taswirar waya a ranar da ruwa ya zo, domin ita gajeriyar hanya take nema, kuma a nan gajeriyar hanya ita ce mai bi ta kwari. Ki sanar da shugabar sashenku a rubuce cewa ƙauyenku yana yankewa da hunturu, ku yi shawarar yadda za a yi tun kafin ranar: musanya aiki, ko kwana wajen wata abokiyar aiki a gari. Ki ajiye ƙaramar jaka a but da kayan sawa da caja da magani. Haka makarantar yara, ki san wa zai ɗauko su idan ruwa ya raba ku.

Idan ruwa ne ɗan kaɗan a kwance, bai wuce santimita 10 ba, kina ganin farin layi ko kwalta a ƙarƙashinsa, to ana iya bi: mota ɗaya a lokaci guda, ta tsakiyar titi inda ya fi tudu, a giya ta ɗaya, ba tsayawa, ba gudu. Gudu yana tura igiyar ruwa cikin injinki da kuma ƙofofin gidajen da ke bakin hanya, abin da ke ƙona ran mutanen ƙauye matuƙa. Da kin fita ki tattaka birki a hankali ya bushe. Idan mota ta mutu a cikin ruwa kada ki sake tayar da ita. Idan kuma, Allah ya kiyaye, ruwa ya fara ɗaukar motar, ki cire bel, ki sauke gilashi nan take tun lantarki bai ɗauke ba, ki fitar da yara ta taga, ki bi su, ku hau rufin motar, sannan a kira lambar agajin gaggawa, 999. Ƙofa ba ta buɗuwa idan ruwa ya danne ta daga waje.

Wa ke da alhakin rafin?

Nan ne baƙi da yawa suke mamaki, domin mun saba ɗauka cewa duk ruwan da ke gudu na gwamnati ne. A dokar Ingila, wanda rafi ya ratsa filinsa shi ke da alhakin barin ruwa ya wuce ba tare da cikas ba. Idan rafin ne iyaka tsakanin filaye biyu, kowa yana da rabi har tsakiya, sai dai in takardun fili sun faɗi wani abu daban. Tunda haya kuke yi, wannan nauyi yawanci yana kan mamallakin gidan, amma ki karanta yarjejeniyar hayarku, wasu suna ɗora share lambu da magudana a kan ɗan haya. Lambatun da ke gefen titi ma galibi na mai gonar da ke jikinsa ne. Ramukan shan ruwa na kan kwalta da yawancin kwalbatocin ƙarƙashin titi su ne na hukumar gunduma.

A sama da masu filaye akwai masu sa ido. Manyan koguna suna hannun Hukumar Kula da Muhalli, wadda za ki ga an rubuta Environment Agency a takardu. Ƙananan rafuka suna ƙarƙashin hukumar gunduma, bisa dokar 2010 da aka yi bayan babbar ambaliyar 2007, ko kuma ƙarƙashin hukumomin magudanai na yanki a wurare irin fadamar Somerset. Dokar magudanai ta 1991 ta ba su ikon tilasta wa mai fili ya buɗe rafin da ya bari ya toshe. Wannan dokar ce kuma ta hana kowa sa bututu ko gina wani abu da zai tare rafi sai da izini. Don haka kada maigidanki ya tara ƙasa a bakin rafin ko ya karkatar da shi. Ruwan da kuka kora daga lambunku gidan wani zai shiga, kuma sai ta kai ku kotu.

Idan za ki kai rahoto, ki kai shi da hujja. Ki kafa sanda a lambu inda kike hango ta daga taga, ki yi mata zane kowane santimita goma. Duk lokacin da ruwa ya taso ki ɗauki hoto, ki rubuta rana da awa, ki ɗauki na titin ma daga wuri mai tudu. Rahoton da ya ce "titinmu yana cika" yana shiga layi ya jira. Wanda ya zo da hotuna masu kwanan wata, yana nuna ruwa ya fi tsayi a gefe ɗaya na kwalbati, shi ke sa a turo mota. Ki je taron majalisar ƙauyen ko sau ɗaya. Ƙauyuka da yawa suna da mutanen sa-kai masu lura da ambaliya, da zauren WhatsApp ko Facebook inda ake sanar da hanyar da ta rufe. Tsofaffin ƙauyen kuwa sun fi kowace taswira sanin inda ruwa ya tsaya a 2014. Ki tambaye su kai tsaye ko ya taɓa shiga gidan da kuke ciki.

Gidan, da shawarar tashi ko zama

Maganar mamallakin gidan tana iya zama gaskiya, amma ki tabbatar da kanki. A shafin gwamnati na intanet akwai inda za ki sa lambar unguwarku, wato postcode, ki ga haɗarin ambaliya na dogon lokaci, daga kogi da kuma daga ruwan da ke gudu a doron ƙasa. Idan kin ga an ce haɗarin ɗaya cikin ɗari ne a shekara, kada ki fahimce shi a matsayin sau ɗaya a shekara ɗari. Yana iya zuwa bana ya sake zuwa baɗi, kuma cikin shekara talatin yiwuwarsa ta haura kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin gidan ki duba gindin bango: layin danshi a miƙe, sabon filasta da ya tsaya a tsayin gwiwa ko ƙugu, soket ɗin lantarki da aka ɗaga sama a ƙasan bene kaɗai, tayil a falo maimakon kafet, ko ƙarafan maƙala allon tare ruwa a gefen ƙofa. Waɗannan suna ba da labarin da ba a faɗa miki ba.

Ki yi rajistar gargaɗin ambaliya, kyauta ne, ta intanet ko ta layin 0345 988 1188. Mataki uku ne: na farko a shirya, na biyu ana sa ran ambaliya a ɗauki mataki, na uku akwai barazana ga rai. A wannan shafin kuma ana nuna tsayin koguna kai tsaye daga ma'aunai. Ki nemo ma'aunin da ya fi kusa da ku ta sama, ki riƙa haɗa lambarsa da abin da sandarki ta nuna. Kafin hunturu ya ƙare za ki san cewa idan ya kai kaza, titinku zai rufe bayan awa kaza. Wannan sanin ya fi buhun yashi ɗari amfani.

Buhunan yashi kansu ba su kai yadda ake zato ba. Ruwa yana tsatsowa ta cikinsu in ba a haɗa da leda mai kauri ba, kuma hukuma ba ta da wajibcin raba su. Abin da ke aiki shi ne allon tare ƙofa da aka auna daidai, murfin ramukan iska da ke gindin bango, da bawul mai hana ruwan ƙazanta komowa ta masai. Waɗannan aikin mamallakin gida ne, ki nema a rubuce. Su ma suna da iyaka: idan ruwa ya wuce kimanin santimita 60, tare shi yana iya tsaga bango, gara a bar shi ya shiga. Gidan ƙauye yana da wasu raunuka da na gari ba shi da su. Idan sokawe kuke amfani da shi, yana daina aiki idan ƙasa ta cika, za ki ji masai yana gurnani ko yana jinkirin tafiya, sai a rage zuba ruwa. Idan da tankin kananzir ake ɗumama gidan, a tabbatar an ɗaure shi da ƙasa, domin yana tasowa ya fasa bututu. Idan ruwan shanku na rijiya ne ko burtsatse, kada a sha bayan ambaliya sai an gwada. Yara kada su yi wasa a ruwan lambun, akwai kashin dabbobi da fitsarin ɓera a ciki, ke ma kin san ciwon da yake kawowa. Ki san inda ake kashe lantarki da gas da ruwa. Fasfo da takardun zama da na aiki su koma saman bene yau. Idan wuta ta ɗauke a kira 105, kuma kada a kunna janareto ko gawayi a cikin gida komai sanyi.

Inshorar ginin ta mamallaki ce, ba ta rufe kayanku. Ku yi taku ta kayan gida, ku tabbatar ambaliya tana ciki. Akwai wani tsari mai suna Flood Re da aka fara a 2016 don sauƙaƙa kuɗin inshora ga gidajen da ke cikin haɗari, ya shafi waɗanda aka gina kafin 2009, kuma an tsara zai ƙare a 2039. Ki tambayi kamfanin ko suna cikinsa.

Game da tashi, ga yadda zan auna da ni ne. Idan ruwan ya tsaya a lambu, tsakaninsa da dokin ƙofa akwai tudu na rabin mita ko fiye a ranar da ya fi cika, tsofaffin ƙauyen sun ce bai shiga ba a 2014, kuma kina da hanya ta biyu da ba ta nutsewa, to ku zauna. Dubban mutane suna rayuwa haka a gundumar nan lafiya, hunturu ne kawai yake buƙatar shiri. Idan matsalar kwalbati ce, tana iya ƙarewa da gyara guda. Amma idan titin da ke nutsewa shi kaɗai ne mafita, ko kin ga alamun ruwa ya taɓa shiga gidan, to da aikin dare da ƙananan yara biyu ba zan ba ki shawarar sabunta hayar ba. Sauƙin haya ba zai biya kuɗin injin mota ɗaya ba. Ku ƙarasa wannan hunturun kuna auna ruwan kuna rubutawa, ku fara neman wani gida a watan Afrilu ko Mayu, kuma duk wanda za ku duba, ki buɗe taswirar ambaliya ki bi titin da zai kai ki asibiti daga ƙofarsa har ƙarshe kafin ku sa hannu.